Kwandon Mutanen Lambara

Gidan Alhaji Sodangi na Bodinga ɗakuna goma sha huɗu ne, amma kwana goma kacal mutane ke kwana a cikinsa a shekara. Sauran kwanakin na ƙadangaru ne. An jibga shi a bakin titi, an shafe shi da farin fenti, an jera masa fitilu har kan katanga, a garin da wutar lantarki kan leƙo sau ɗaya a mako, ta ga ba ta da dangi ta koma. Duk wanda ya wuce a bas ko a keke sai ya waiwayo, kuma dama don waiwayen aka gina shi.

A wannan makon masu gida sun sauka daga Abuja. Janareta na ta gurnani tun Laraba, maƙwabta na leƙowa da wayoyinsu a hannu suna roƙon a sa musu caji.

Safinatu kuwa tun asuba ta kasa zama wuri ɗaya.

Ita 'yar ƙanin Alhaji ce, Malam Sama'ila, manomin albasa a Dandin Mahe. Tana shekara shida aka ba Alhaji riƙonta, ta tashi a Abuja, ta yi jami'a, bakinta ya goge har ba a jin ko ɗigon Sakkwatanci a cikinsa. Hidimar ƙasa ce ta dawo da ita Bodinga koyarwa. Da shekara ta cika aka ce ta tattaro ta koma, ta ce ta samu aiki a nan. Matar Alhaji, Hajiya Ummukulthum, ta rantse asiri aka yi mata.

Ba asiri ba ne, Zayyanu ne.

Zayyanu mutumin Lambara ne. Ya yi karatun noma a Sakkwato, ya dawo ya duƙa a fadamar ubansa, a lokacin da sa'o'insa duk sun bi tirelolin albasa sun watse. Wasu na gadi a Legas, wasu na acaba a Abuja, wasu na dako a Fatakwal. Shi ya tsaya, kuma wannan tsayuwar ce ta ɗaure zuciyar Safinatu.

Yau magabatansa za su zo neman aurenta. A al'ada uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa, sai wansa ko ƙaninsa, balle wan da ya riƙe ta shekara ashirin. Don haka magana tana hannun Alhaji. In ya ce a'a, ranar Lahadi a motarsa za ta koma Abuja, inda Auwal, ɗan wan Hajiya mai dillancin filaye, ya daɗe da buɗe baki yana jiran ta faɗo.

Da hantsi baƙi suka iso. Aka wuce da su falo, kayan da suka kawo kuma aka shigo da su cikin gida.

Hajiya ta tsaya a kansu ta riƙe ƙugu. Da ɗan yatsan ƙafa ta riƙa taɓa su, wai kada hannunta ya ɗauki ƙura.

"Goro. Alewa. Dabino. To, madalla da arziki." Ta taɓe baki. "Wannan kuma fa?"

Wani ɗan kwando ne, an rufe shi da sabon faifai an ɗaure da farin ƙyalle. Safinatu ta durƙusa ta kwance. Albasa ce jajir, manya-manya, kansu ɗaya kamar an auna. An bar wa kowace busasshen ganyenta an tufke, an barbaɗa musu toka.

Hajiya ta sunkuya ta leƙa. Ita fa 'yar Bodinga ce gaba da baya, a rumfar albasar ubanta ta yi wayo, ko da yake yanzu in aka tuna mata sai ta ce ba ta cika tuna yarinta ba. Ta dubi kwandon, ta dubi Safinatu, sai ga murmushi ya ɓullo mata, irin wanda ba a saba gani ba.

"Oh, su Zayyanu an yi ƙoƙari! Wasu na kawo makullin mota, ku an kawo muku kayan miya."

"Mami, don Allah."

"Me na ce? Ai yabo nake. Kin ga, Safina, tunda kin nace sai su, ki nuna musu ke mace ce. Ki yi musu miyar albasa da hannunki, da tasu albasar. Baƙauye ba abin da yake so irin ya ga an ci abin gonarsa. Ki yanke ta duka, ga 'yan siyasar Alhaji ma suna tafe."

Safinatu ta ɗago da mamaki. Rabon da Hajiya ta ba ta shawara mai daɗi a kan maganar nan, ba ta taɓa ba ma. Har ta ji kunyar zargin da ta daɗe tana yi mata.

"Na gode, Mami."

"Haba, 'yata ce fa ke."

Akwai wata dattijuwa, Altine, da ake ɗaukowa a unguwa ta taya girki in an zo. Tana shigowa kicin Hajiya ta tare ta a ƙofa, ta tura ta can bayan gida figar kaji, ta ce kada ta ga ƙafarta a ciki sai an kira ta.

Safinatu ta ja kujera ta zauna da wuƙa. Albasar ta yi tauri, ta yi yaji, irin wadda ba ta taɓa yanka ba. Idanunta suka yi ta zuba, tana sharewa da gefen mayafi tana murmushi ita kaɗai. Tana fille kai da gindi tana watsawa a bokitin shara, tana yanka tsakiyar sirara-sirara yadda aka koya mata a Abuja. Kafin azahar kwando ya koma ɓawo da toka, gida ya gauraye da ƙamshi. Baiwar Allah, har alfahari take yi a ranta.

Tsakanin kicin da falo akwai wata 'yar taga ta miƙa abinci, irin ta gidajen manya. Ta tura murfinta kaɗan ta kasa kunne.

Alhaji na kan kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, wayoyi uku a gabansa. Baƙi na ƙasa kan kafet, har da ƙaninsa Malam Sama'ila, wanda ya takure a gefe kamar shi ma roƙon ya zo. Mai magana da yawun baƙi shi ne Malam Ɗanliti, ƙanin marigayi mahaifin Zayyanu, wanda yake kira Bappa, tsoho siriri mai farin gemu da rigar da ta sha wanki har ta gaji.

An daɗe ana gaisuwa. An tambayi gida, an tambayi iyali, an tambayi hanya, an tambayi gajiya, an koma an sake tambayar gida. Sannan tsohon ya gyara zama.

"Ranka shi daɗe, mun taho da ƙoƙon bara. Ɗanmu Zayyanu yag ga ɗiya gidanga, mu kuma munka ga gidan mutunci na."

Alhaji ya danna waya, ya ajiye.

"Malam, ni ba na ɓoye-ɓoye. Yaron nan me yake yi?"

"Noma shikai, ranka shi daɗe. Albasa da rani, gero da dawa da damana."

"Noma." Alhaji ya maimaita kalmar kamar ya tauna tsakuwa. "Malam, ƙasar nan ta yi gaba ta bar ku. Ku je Abuja ku ga gada kan gada. Ku je Legas ku ga jirgin ƙasa na gudu a saman ruwa. Kullum ana faɗa, arzikin ƙasa ƙaruwa yake, yaro ƙarami yana zaune a ɗaki da kwamfuta yana samun abin da ba ku samu a damina goma. Ku kuna nan kuna gardamar wa ya fi wani iya ɗaura rudu."

Rudu shi ne rumbun kara da ciyawa da ake ajiye albasa a ciki ta sha iska. A cikin irinsa aka tara abin da aka yi wa Alhaji kuɗin motar zuwa Abuja tun farko, amma wannan tsohon zance ne, ba a tayar da shi a falo mai kafet.

Malam Ɗanliti ya gyaɗa kai a hankali.

"Muna ji ga rediyo, ranka shi daɗe, an ce arziki ya ƙaru. Allah shi ƙara. Mu dai abin da muka gani, tirela ta shigo wofi ta hita cike. Da can albasa ɗai taka ɗauka, yanzu har da samari. Turakun wuta kau an kahwa muna su tun ina da baƙin gemu, suna nan, muna ɗaure awaki."

Ɗaya daga cikin baƙin ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Alhaji ya haɗe rai.

"Shi ya sa nake cewa a fita! Wanda ya zauna a inda ba a yi, shi ya so. Ni ba zan binne yarinya mai digiri a Lambara ba, inda in naƙuda ta zo sai an ɗora mace a amalanke. Amma tunda ta nace, zan ba shi. Da sharaɗi. Ya tattaro ya zo Abuja, ina da wurin sayar da siminti, in sa shi ya tsare mini. Ya zama mutum."

Safinatu ta dafe ƙirji. Sharaɗin ya yi mata ɗaci, amma kalmar "zan ba shi" ta shiga kunnenta ta zauna. Sauran magana ai ana iya gyara ta a hankali.

Tsohon ma da alama haka ya gani.

"Inda miji ka aje mata tai, wannan magana tasu ta. Za mu kai mishi. Mu dai an ba mu?"

"An ba ku. Sama'ila, ko kana da magana?"

"Ba ni da ta cewa, Yaya. Kai ad da ɗiya."

Aka shigar da abinci. Shinkafa fara sol, kaji, ga miyar albasa tana ƙyalli a manyan kwanuka. Baƙi suka wanke hannu suka ci, suka yi santi. Safinatu na jin Malam Ɗanliti yana cewa wanda ya yi girkin nan Allah ya yi masa albarka, har ta rufe fuska don daɗi.

Da aka janye kwanuka tsohon ya ce, "To, kamin a shahwa fatiha, a ɗauko muna kwandon ga da munka taho da shi. Hannu da hannu nika son in miƙa ma Sama'ila."

Alhaji ya ce, "Wane kwando?"

"Na iri, ranka shi daɗe. Mun san abin da yas samu Sama'ila bara. Yas sai irin gwangwani ga kasuwa, yash shuka, yay yi ta ban ruwa wata huɗu, ganye ɗai yat tashi, ba kai. Wanga kau irin kakanmu na. Shi ka kwana rudu tun bazara har kaka bai ruɓe ba. Ba mu taɓa sai da shi ba, ko ƙwara guda, sai dai mu ba suruki. Bana ruwa ya shigam muna rudu, abin da munka tsamo kaɗan na. Munka raba biyu, Zayyanu yac ce a kawo rabo nai dut, shi ya haƙura da dashen iri bana. In Sama'ila yad dasa su sunka yi hure, ya samu na shekara da shekaru."

Malam Sama'ila ya ɗago kai a karo na farko.

"Malam, irin gidanku? Ni?"

Ludayin da ke hannun Safinatu ya faɗi ƙasa.

Ta juya. Hajiya na tsaye a bayanta tana gyara ɗaurin ɗankwali, fuskarta fes.

"Mami... kin sani?"

"Na san me? Ni ina ruwana da albasa?"

Da kanta ta sunkuci kwandon, ita da ba ta ɗaukar ko jakarta, ta je ƙofar falo ta yi sallama da murya mai zaƙi, ta dire shi a kan kafet. Ɓawo ya tashi ya sauka.



Malam Ɗanliti ya leƙa kwandon. Ya dubi kwanukan da aka ture gefe. Sannan ya ɗaga hannunsa na dama, wanda har yanzu ke da maiƙo, ya yi ta kallonsa.

Alhaji ne ya fara fashewa da dariya.

"Wai albasar ce muka cinye? To sai me? Malam, albasa ce fa! Gobe in sa a sauke muku buhu hamsin a ƙofar gida."

Tsohon bai ko dube shi ba.

"Wa yay yanka?"

"Amaryar taku ce," in ji Hajiya daga bakin ƙofa. "Da hannunta, don ta burge ku. Ku yi haƙuri, yaran Abuja ne, ba su san waɗannan abubuwan naku ba."

Malam Ɗanliti ya juya wajen Malam Sama'ila. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma gara a ce ta tashi.

"Sama'ila, ɗiyakka ta cikinka? Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Yaro ɗan shekara biyar ga Lambara, in yag ga albasa da toka da ganye tuhke, ko yunwa za ta kashe shi ba shi taɓa ta."

Malam Sama'ila ya sunkuyar da kai har gemunsa na taɓa ƙirji.

Tsohon ya dafa ƙasa ya miƙe. Sauran suka miƙe.

"Alhaji, ka ce an bar mu baya. Gaskiya ta, an bar mu. Ba mu da gada, ba mu da wuta. Amma tun kakanninmu, ko shekarar da anka ci ganye, ba mu taɓa cin iri ba. Sai yau, gidan waɗanda sunka ci gaba, anka zuba muna shi ga kwano munka lashe hannu. Ku riƙe ɗiyakku. Mun gode da abinci."

Ba a shafa fatiha ba. Suka zura takalma suka fita.

Safinatu ba ta san lokacin da ta ɓalle ƙofar baya ba, ba takalmi, mayafi na jan ƙasa. Ta zaga ta lungu. Zayyanu na can ƙarƙashin dogon yaro inda ya ajiye motar aron da ya kawo tsofaffin, tunda ango ba ya shiga wurin neman aure. Ta tarar har an gaya masa. Tsofaffin sun shige mota sun rufe, shi yana tsaye ya jingina da bishiya.

"Zayyanu."

Ya ci gaba da kallon ƙasa.

"Zayyanu, wallahi ban sani ba. Wallahi tallahi ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba."

"To ka gaya musu! Ka ce kuskure ne. In je in durƙusa wa Bappa yanzu, in kama ƙafarsa."

"Safinatu, da gangan kinka yi, da da sauƙi. Sai a ce hushi na, a ba ki haƙuri. Rashin sanin shi ad damuwa tai."

Hawaye suka ɓalle mata, na gaske wannan karon.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba? Jiya mun yi waya. Kalma ɗaya, Zayyanu!"

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"In gaya miki mi? In ce kada ki soya iri? Ban taɓa zaton akwai ɗan Adam da sai an hwaɗa mishi hakanga ba. Wata shida ina juya su ɗaya-ɗaya, ina hidda mai taushi. Inna ta roƙe ni guda biyu ta yi miya ranas suna, na hana ta."

"Kai ma raina ni za ka yi?"

"Ban raina ki ba."

"Ka raina ni! Ga shi a idonka, irin kallon da Bappanka ya yi wa Baba. Can a ce mini 'yar ƙauye, nan a ce mini 'yar Abuja. Ni na kai kaina? Ni na ce a ɗauke ni? Kuna cewa su Alhaji na raina ku, ku ma cikinku fal yake da raini, ba ku dai da kujerar da za ku hau ku yi shi ne!"

Maganar ta same shi. Ya kau da kai yana kallon titi, inda wata tirela ke wucewa kudu, samari zaune a saman kaya sun rufe fuska da rawani.

Ta sassauta murya.

"Alhaji ya ce ya ba ka. Ka ji? Ya ba ka. Ko Bappa ya janye, in ka yarda da Abuja..."

"In tahi in tsare mishi siminti."

"Na ɗan lokaci ne. Mu samu a ɗaura, daga baya mu dawo."

"Wa kinka gani ya dawo? Abokina Maniru ya ce wata ukku za shi yi, ɗiya nai yanzu ba su jin Hausa. Sani gawa tai anka kawo. Lambara yau in anka yi mutuwa, tsohwahhi ka gina kabari. In ni ma na bi tirela, wa ka riƙe ma Bappa rabin da yar rage?"

"To ni fa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Zayyanu, ni fa? Lahadi za su tafi da ni. Auwal na hanya yanzu haka. Ka ce mini wani abu, ko ƙarya ce."

Idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Ya buɗe baki, sai aka ƙwanƙwasa gilashin mota daga ciki, sau biyu.

"Bappa ya rantse ƙahwa tai ba ta ƙara taka gidanga," ya ce a hankali. "Ni kau ba ni da wani uba sai shi. Ina son ki, Allah shi na shaida. Amma ban san ƙaƙa za ni yi da ke ba."

Ya shiga mota. Sai da yaran unguwa suka tura ta kafin ta tashi, ta yi tari ta hau titin Shagari.

Safinatu ta daɗe a tsaye. Sannan ta ja ƙafa ta koma ta lungu. Daga falo ana jin muryar Alhaji yana ba 'yan siyasarsa labari, ana ta ƙyaƙyata dariya. Wai mutane sun fasa aure saboda kayan miya, in ba talauci da jahilci ba me zai kawo wannan.

A bayan kicin ta ga mutum tsugune.

Mahaifinta ne. Ya tuɓe babbar rigarsa ta zuwa biki ya shimfiɗa a ƙasa, ya kifar da bokitin shara, yana tona gashin kaji da ɓawon ƙwai da yatsunsa. In ya samu gindin albasa sai ya goge shi a jikin wando, ya duba, ya ajiye a kan rigar.

"Baba!"

Bai ɗago ba.

Ta zube a gabansa. "Baba, ka yafe mini. Na kunyata ka. Na kashe maka..."

"Bari kuka, ɗiyata. Ba ke kinka yanka shi ba. Ni niy yanka, tun ranad da nib ba da ke don ki ci shinkahwa." Ya tsamo wani ya busa masa iska. "Wuƙarki ba ta da kaihi, Allah ya taimaka. Kin bar nama ga wasu. Gindin da ad da saiwa da ɗan nama, in anka sa shi ƙasa mai laima yau-yau, wani lokaci shina tsira."

Ƙofar kicin ta buɗe. Hajiya ta tsaya a kan matakala tana toshe hanci da gefen mayafi.

"Ikon Allah! Sama'ila, a shara kuma? Ai da ka yi magana an ba ka sauran miyar ka tafi da ita." Ta juya ga Safinatu. "Ke kuma tashi ki yi wanka, kina warin albasa. Auwal ya taso daga filin jirgi. Kin dai gani da idonki, mutanen da kwando ya fi musu ke."

A bakin babbar ƙofa mota ta danna hon, mai kauri, irin na masu abin hannu.

"Safina, da ke nake. In kika bari ya gan ki a haka, wallahi babu ni babu ke, kuma Alhaji zai ji."

Safinatu ta dubi matar da ta yi mata kitso shekara ashirin. Ta nemi tsoron da ta saba ji, ba ta same shi ba, sai wata irin ƙyama. Ta naɗe hannun rigarta, ta cusa hannu cikin sharar, ta tsamo guda ta miƙa wa mahaifinta.

"Wannan fa, Baba?"

Ya duba ya girgiza kai. "Wanga kai na, ba shi komi. Gindi za ki nema, mai gashi-gashi."

Ta sake tonawa ta samo wani. Ya karɓa ya juya shi, ya ajiye a kan riga.

"Duk za su tsira?"

"Cikin goma, a samu ɗaya. Wani lokaci ba a samun ko ɗaya."

Hon ya sake tashi, ya daɗe bai sauka ba.

"To matso da bokitin, Baba," ta ce. "Mu tsince duka."